Gwaggo Kwafi da Ofishin Filaye

Gwaggona, yayar mahaifina, ta shekara ashirin da shida tana sana'a a bakin ƙofar kotu, amma ba ta taɓa sa ƙafa cikin harabar ba sai da hukuma ta taɓa mata fili.

Shagonta ɗan tsukuku ne, a matse tsakanin mai yanka hatimi da mai ɗaukar hoton fasfo. Injin kwafi ya cinye rabin ɗakin, ita da kujerarta sun cinye sauran, mai kawo aiki kuwa sai dai ya tsaya daga bakin ƙofa ya miƙo takardarsa. Daga nan sunan ya samo asali. Babba da yaro, har lauyoyin da suka yi furfura, Gwaggo Kwafi suke ce mata. Ainihin sunanta kuwa, in ka cire mu 'yan gida, ban san mutum uku da suka san shi ba.

A aji shida karatunta ya tsaya. Daga nan ta shiga wata maɗaba'a tana ninke takardu da shafa gam, ta yi shekara tara kafin ta samu tsohon inji ta buɗe nata wurin. Duk takardar da ta ratsa injin nan sai Gwaggo ta karanta ta, tana yi tana tura tabarau da ɗan yatsa. In ta ga kuskure, bakinta ba ya iya shiru.

"Ɗan nan, wa ya cike maka wannan? A nan ka girmi babanka da shekara biyu."

Tana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi mata dariya a kai. Duk wata takarda tata sai ta yi mata kwafi uku: ɗaya a shago, ɗaya ƙarƙashin katifa, ɗaya a gidanmu wurin mahaifina. Har takardar asibitin da aka cire mata haƙori tana nan a akwatin babanmu.

Mijinta tsohon direban bas ne. Abokan aikinsa suka sa masa Birki, don a shekara talatin da ya yi a kan hanya ba a taɓa ganin ya wuce wata mota ba, sai dai in ta lalace ne a gefen titi. Mutum ne mai sanyi, mai tsoron duk abin da ke da hatimi a jikinsa. In ya hango mai kaki daga nesa, ko da mai duba mitar ruwa ne, sai ya gyara hula.

Filin da ake magana Gwaggo ta saye shi tun wurin yana daji. Ta yi zirga-zirga har aka yi masa rajista a ofishin filaye, aka ba ta takardar mallaka mai jan hatimi. Ta ja katanga iya ƙirji, ta ɗaga ɗaki biyu har kan taga, daga nan ginin ya tsaya. In ta ce bana za ta yi rufi, sai karatun 'ya'ya ya taso, ko inji ya lalace, ko wani a dangi ya kwanta asibiti. Ko ƙofa ba ta sa wa katangar ba. "Me za a sata?" in ji ta. "Ciyawa?"

Kowace Asabar Birki yakan je ya nome ciyawar, ya zaga, ya dawo. Wata Asabar ya tarar an juye yashi tifa biyu a tsakar filin, ga wani dattijo mai tsabta, da lema a hammata, yana fama da igiyar awo shi kaɗai. Suka gaisa. Dattijon ya ce, "Bawan Allah, don Allah ɗan riƙe mini bakin nan." Birki ya riƙe. Suka auna gabas, suka auna kudu. Sai da suka gama tsaf sannan Birki ya yi gyaran murya ya tambaya ko lafiya. Dattijon, wanda tsohon hedimasta ne, ya zaro takarda daga jaka: filinsa ne, hukuma ta ba shi wata biyu da suka wuce, ga jan hatimi.

Birki ya dawo gida, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya faɗa.

Gwaggo ta cire tabarau. "Malam, ka riƙe masa igiya?"

"To, ya ce in taimaka."

"A filina?"

"Ai lokacin ban san yana da takarda ba."

"Da ka sani fa?"

Birki ya shiga gyara hula, don shi ma ya san da ya sani, da har yashin zai taya shi bajewa.

Ni ina koyarwa a wata makaranta, kuma ana hutu, don haka ni na raka ta ofishin filaye ranar Litinin. Dogon ɗaki ne mai fanka ɗaya, fayil-fayil jibge tun daga ƙasa har taga, wasu an ɗaure da igiya, wasu sun zama kujera. Magatakardan ya ce mu dawo gobe. Gobe ya ce mai makullin kabad ya fita. Jibi aka ce darakta yana taro. A zuwa na huɗu Gwaggo ta zo da 'yar kujerarta ta roba, ta dasa ta a gaban teburinsa ta zauna, ta ce ita ba ta sauri. Kafin azahar fayil ya fito.

A shafin farko an buga ƙaton hatimi a karkace: an soke. Dalili, wai ba a gina filin cikin wa'adin da aka ɗiba ba, kuma an aika wa mai shi sanarwa bai amsa ba.

"Wace sanarwa? Wa aka ba?"

"An aika, Gwaggo. Ga shi a rubuce."

"Ni da nake layi biyu daga nan? In na yi atishawa a shago kuna ji!"

Magatakardan ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi aikinsa ajiya. Da ƙyar muka fito da wasiƙar da ke tabbatar da sokewar.

Da muka isa shago ta zauna, ta dafa injin da hannu biyu, sai na ga hawaye na bin kuncinta. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi kuka ba. Ta ce tun aurenta gidan haya bakwai ta zauna. Ta ce a ɗakin haya kakarmu ta rasu, ba a yi mako ba mai gidan ya aiko yana son ɗakinsa. "Ni dai so nake in na mutu a fitar da ni daga inda ba wanda zai aiko." Ta share fuska da bakin mayafi, ta ce in kira mata Tukuna.

Tukuna lauya ne, dogo siriri, ofishinsa na saman shagon mai hatimi. Duk abin da ka faɗa masa, amsarsa ta farko "tukuna", shi ya sa sunan ya bi shi. Ya sauko, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kowa.

"Lauya, ƙara zan kai. Da hedimasta, da magatakarda, da darakta, da mai tifar da ya juye yashi."

"Tukuna, Gwaggo."

"Babu tukuna!"

Ya karanta wasiƙar sau biyu, sannan ya yi mata bayani a tsanake. Ya ce hedimasta bai yi mata laifi ba, takarda aka ba shi kamar yadda aka ba ta. Wanda za a kai gaban alƙali shi ne ofishin. Kuma irin wannan ƙarar, ba tambayar filin wa ne za a yi ba. Alƙali zai duba ne ko ofishin ya bi ƙa'ida kafin ya soke: ya sanar da ita? Ya ba ta dama ta faɗi nata? In bai yi ba, sokewar ta rushe.

"Wato ba za a ce nawa ne ba?"

"Za a ce ba a ƙwace shi yadda ya kamata ba."

"Au, akwai yadda ya kamata a ƙwace?"

"Akwai, Gwaggo. Sa'armu ba su bi ta nan ba."

Ya ƙara da cewa wata uku kawai doka ta ba mu daga ranar da muka samu labari, don haka ta tattaro duk takardar da take da ita. Washegari ni da Birki muka hau masa bene da jaka shaƙe, muna nishi. Tukuna ya leƙa ciki, ya ce shi takardun fili ya ce. Gwaggo ta ce ai na filin ne kawai, sauran suna gida. Ya kwana biyu yana tonawa, kuma a ciki ya samu abin da ya sa shi murmushi: wasiƙar da ta rubuta wa ofishin shekara takwas baya, cewa duk wani saƙo a kawo mata shago, ga kuma hatiminsu a kai cewa sun karɓa.

Ranar zaman farko Gwaggo ta yi shiga kamar za ta ɗaurin aure. Da muka shiga ɗakin shari'ar ta tsaya tana waige-waige. Benci shida ne, da agogon bango da ya tsaya, da tebur mai tsayi.

"Nan ne?" ta raɗa mini. "Duk takardun nan da nake bugawa, nan suke zuwa? Ai na ɗauka ya fi haka."

Birki ya zaɓi bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Duk wanda ya miƙe a ɗakin, ko da mai fita shan ruwa ne, sai shi ma ya miƙe. Hedimasta, wanda aka sa a cikin ƙarar don abin ya shafe shi, ya zo da lemarsa, bai ga wanda ya sani ba sai Birki, ya zauna kusa da shi. Ranar lauyan hukuma bai zo ba, aka ɗaga. A zama na biyu ya zo, amma ya ce ba a ga fayil ba. Gwaggo ta yi zumbur.

"Ranki ya daɗe, ina da shi! Kwafi nawa ake so?"

Mai shari'ar wata dattijuwa ce mai ƙaramar murya. Ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Baiwar Allah, kina da lauya. Ki bar shi ya ci guminsa." Gwaggo ta zauna tana ƙunƙuni. Kafin zama na uku fayil ya bayyana. Zuwa lokacin kuwa Birki da hedimasta sun zama aminai, tare suke zuwa, suna hirar ciwon gwiwa da tsadar siminti. Gwaggo ta ce in aka bar su, su biyun nan za su raba filin a tsakaninsu su bar ta a titi.

Duk hujjar ofishin ta rataya ne a kan takardar rantsuwar masinjansu, wanda ya ce da hannunsa ya liƙa sanarwar a ƙofar filin. Tukuna ya roƙi a kawo shi a yi masa tambayoyi, mai shari'a ta amince. Da aka shigo da shi sai muka ga wani tsoho ne da muka sani sarai, wanda kusan kullum yana shagon Gwaggo da takardun ofis, don injinsu ya fi shekara a lalace. Bai lura da ita ba, idonsa na kan tebur mai tsayi.

"Baba, ka ce a ƙofar filin ka liƙa?" in ji Tukuna.

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Ƙofar ƙarfe ce ko ta katako?"

Ya ɗan yi tunani. "Ta ƙarfe."

"Wane launi?"

"Shuɗiya. Mai ɗan duhu haka."

Tukuna ya miƙa hotunan filin. Maƙwabcin Gwaggo mai hoton fasfo ne ya ɗauke su, mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi fuska girma ba, don haka sai da ya yi guda goma sha ɗaya kafin katangar ta ƙare. A hoto na shida ga wawakeken giɓi, wanda tifa ta shige ba tare da ta goga ba.

"Nuna wa kotu ƙofar, Baba."

Masinja ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa. Daga ƙarshe ya ce gaskiya ranar wasiƙa arba'in aka ba shi, babur ɗin ofis ba mai, ruwan sama ya yanke hanya, sai ya liƙa a gidan farko da ya gani a bakin unguwar, ya ce ai maƙwabta za su faɗa.

"Ka san mai filin?"

"Ban san ta ba. Suna kawai na gani a ambulan."

"Ga ta can zaune."

Ya waiwaya. Bakinsa ya buɗe. "Gwaggo? Wai ke ce? Sunanki ke nan?" Ya dafa ƙirji. "Wallahi ranar da wasiƙar a aljihuna na tsaya shagonki na sha ruwa!"

"Kofi biyu," in ji Gwaggo.

Ɗakin ya tuntsure da dariya, har lauyan hukuma sai da ya sunkuyar da kai. Mai shari'a ta buga tebur, amma na ga kafaɗarta na rawa. Da aka tashi, Gwaggo ta tare Tukuna a baranda ta ce ita fa ba ta yarda a kori tsohon nan daga aiki ba, saura masa wata bakwai ya yi ritaya. Laifin na wanda ya ba shi wasiƙa arba'in da babur ba mai ne. Tukuna ya ce zai faɗa inda ake ji, kuma ya faɗa.

Bayan mako biyar aka karanta hukunci. Mai shari'a ta ce ba a raba mutum da abin da aka yi masa rajista sai an sanar da shi a inda ya ce a same shi, an kuma saurare shi. Ofishin bai yi ko ɗaya ba, alhali adireshin na cikin hannunsa. Don haka sokewar ta rushe, takardar Gwaggo ta dawo daram, wadda aka ba hedimasta kuma ba ta da tushe. Ta ƙara da cewa in ofishin yana ganin yana da dalili, yana iya sake farawa, amma ta hanyar da doka ta tsara.

Muna fitowa ina tsalle, sai na ga Gwaggo ta sha mur.

"Lauya, me ta ce a ƙarshen nan? Za su iya sake yi?"

"Za su iya."

"Saboda ban gina ba?"

"Saboda haka."

Ta juya wurin mijinta. "Malam, je ka nemo mini magini. Yau."

Hedimasta yana gefe a tsaye, ya tokare da lema. Duk abin da ya samu na ajiye aiki a can ya zuba. Gwaggo ta dube shi, ta dube shi, sannan ta ce, "Malam Hedimasta, kawo takardunka in gani." Ta shiga da shi shago, wato ta tsayar da shi a bakin ƙofa, ta jera masa su daki-daki, ta haɗa shi da Tukuna. Sai da aka kai ruwa rana, amma bayan shekara guda ofishin ya ba shi wani filin, can gaba da nata da layi huɗu.

Ginin kuwa, mako bakwai aka yi. Gwaggo ta sayar da awarwaronta da keken ɗinkin da ba ta taɓa koyon amfani da shi ba. Mahaifina ya ɗauki kwanon rufi, 'ya'yanta suka ɗauki katako da ƙusa. Yashin hedimasta da ke jibge a wurin, shi da kansa ya ce a yi aiki da shi kafin ruwa ya wanke. Birki ya aro motar wani abokinsa ya ɗauko bulo. Magini ya ce da ya san shi zai tuƙo, da ya buga bulon a wurin, ya bushe, kafin motar ta iso.

Ana gama rufi sabuwar sanarwa ta zo. Wannan karon masinjan ya zo shago da shaidu biyu, ya miƙa da hannu bibbiyu, ya ce ta sa hannu a wuri uku. Aka gayyace ta gaban darakta ta faɗi abin da ke bakinta. Tukuna ya ce ta taƙaita. Gwaggo ta fara tun daga ranar da ta fara ganin filin, da mai filin na farko, da ciwon da ya kashe shi. Darakta ya duba agogo. Ta shiga gidajen haya bakwai, ɗaya bayan ɗaya. A gida na huɗu darakta ya ɗaga hannu ya ce ya gamsu, ya ga hotunan rufi, an rufe magana.

"Ai ban gama ba," in ji Gwaggo. "Alƙali ta ce a saurare ni."

Sai da ta kai na bakwai.

Sun tare farkon damina. Ranar dangi duka muka hallara, aka sauke kaya, komai ya shiga lafiya sai babban kabad ɗinta na katako, wanda ta yi aure da shi. Ashe cikin gaggawa magini ya tsuke ƙofar ɗaki. Aka gwada a tsaye, aka gwada a kwance, aka cire masa ƙafafu, ya ƙi. Magini ya ce a fasa gefen bango kaɗan, aikin rabin yini ne. Gwaggo ta ce duk wanda ya taɓa mata bulo ɗaya a gidan nan sai sun haɗu a kotu, yanzu ta san hanya.

Kabad ɗin yana baranda har yau, an lulluɓe shi da leda. Kwana uku a mako take zuwa shago yanzu, babbar 'yarta ce ke riƙe da sauran. Da safe, in za ta fita, sai ta leƙo da zane ɗaure a ƙirji ta zaɓi kayan da za ta sa, tana gaisawa da masu wucewa ta saman katanga.